Sun karɓi kuɗin kula da firiza na shekara, gyaransu ya kashe ta: wa zai biya?

Admin: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata 'yar uwa daga Sabuwar Unguwa ta turo wannan ta bayan fage, ta ce a sakaya sunanta da na shagon. Ta sayi firiza sabuwa, irin mai murfi ta sama, wata 18 da suka wuce. Da garantin shekara ɗaya ya ƙare sai masu shagon suka tallata mata tsarin kula da kaya: ta biya kuɗin shekara, abin da ya lalace su gyara. Ta biya, rasit na hannunta. Wata biyu baya firizar ta rage sanyi, suka turo yaro ya ƙara gas, ko minti 20 bai yi ba ya tafi. Ta yi sanyi kwana 9 ta koma gidan jiya. Suka ɗauke ta zuwa wurin aikinsu, ta yi sati 5, aka dawo da ita murfi a lotse, an canza kwamfireso (injin da ke tura gas ɗin sanyi), kuma har yau ruwa ba ya daskarewa. Yanzu sun ce ƙarancin wuta ne ya ƙona na farkon, tsarin bai ƙunshi wannan ba, sai ta biya kuɗin wanda suka sa. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa. Masana, ina mafita?

Injiniya (Ƙofar Ƙaura): Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga doka bari mu fara da ƙarfen. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa irin na girki. A rufe yake cikin fayif yana zagayawa, sai ya shekara goma bai ragu ba. Duk ranar da aka ce gas ya ragu, to akwai inda yake zurara. Wanda ya ƙara gas bai nemo hujin ba bai yi gyara ba, 'yan kwanaki kawai ya ara mata.

Ga yadda aikin yake in za a yi shi tsakani da Allah. A fitar da ragowar gas a waje inda iska ke kaɗawa. A hura naitirojin cikin fayif ya matsu, a bi kowace mahaɗa da kumfar sabulu, musamman inda aka ga damshin mai, don mai yana biyo gas ya fito ta huji. A yi walda. A yanke diraya, wato matatar da ke tsotse danshi a layin gas, a sa sabuwa, ba a barin tsohuwa muddin an buɗe layi. A ja iska da injin bakum aƙalla rabin awa, a rufe a ga allurar ma'auni ta tsaya cak. Sannan a zuba gas bisa sikeli, daidai giram ɗin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin firizar. Wannan ba aikin minti 20 ba ne komai saurin hannun mutum.

Kwana 9 ɗin nan su suka fi tsaya mani a rai. Gas mai sanyi da ke dawowa shi ke sanyaya kwamfireso daga ciki. In yana zurarewa, sanyi ba ya kaiwa inda tamosta zai kashe injin ya huta, sai ya yi ta aiki dare da rana cikin zafi, ga shi babu mai sanyaya shi. In kuma gas ɗin nau'in R600a ne, ɓangaren tsotso yana aiki ne ƙasa da matsin iskar waje, don haka hujin ba fitarwa kaɗai yake ba, yana zuƙo iska da danshi. Danshin ya daskare a bakin kafilari, siririn fayif ɗin da gas ke bi, ya toshe shi. Ta nan kaɗai kwamfireso na iya mutuwa ko da wuta lafiyarta ƙalau.

Alhaji mai shago (Babbar Kasuwa): Injiniya ban musa maka ba, amma a ji ta bakin masu shago ma. Kowa ya san yadda wuta ke zuwa wasu unguwanni da magariba, ƙwan fitila ja kamar garwashi. Shi ya sa kusan duk takardar tsarin nan tana cire abu huɗu: wutar da ta yi yawa ko ta yi kaɗan, ɓera ya ci waya, huda bango da wuƙa wajen ɓamɓarar ƙanƙara, da taɓawar makanikin waje. Da yawan firizar da ake kawowa da yoyo, in ka haska bangon ciki za ka ga sawun wuƙa. A tambaye ta, tana da sitabilaiza? Tana ɗora ta kan ƙaramin janareto? Maganar lotsa murfi da riƙe kaya sati 5 kuwa ba ni da ta cewa, wannan ba daidai ba ne ko a wurin wa.

Baban Walid (mai aikin wuta, Daura): Alhaji gaskiya ne ƙarancin wuta na kashe kwamfireso. Wutarmu 230 ce a ƙa'ida. In ta faɗo can ƙasa, wajen 180 ko abin da bai kai ba, injin kan kasa tashi. Za ka ji yana gunji na 'yan daƙiƙu, sai ƙas, obalod, abin da ke kare injin daga zafi, ya yanke. Ya huce ya sake gwadawa. Wajen tashi yana jan wuta ninki biyar ko fiye na wadda yake ci in yana tafiya, to in ya kwana yana wannan koyil ɗinsa, wayar da ke naɗe a cikinsa, zai gasu. Haka ma in an ɗauke wuta an maido nan take. Shi ya sa ake son abin da zai jinkirta ta minti 3 zuwa 5.

Amma a duba yadda abin ya jeru. Kukan farko shi ne sanyi ya ragu alhali inji na tafiya, kuma su da kansu suka ce gas ne, har suka ƙara. Ƙarancin wuta ba ya huda fayif.

Tambayar da nake so ta yi masu ita ce: ina tsohon kwamfireson? Nata ne, da kuɗinta ta saye shi. A kawo shi a gwada gaban kowa. Ƙafa uku gare shi inda ake jona wuta. A sa mita a auna tsakanin kowace biyu, ƙananan awo biyun in an haɗa su sai su ba da babban. A auna kowace ƙafa da jikin ƙarfen, kada a samu haɗi ko kaɗan. A karkata shi a zubo mai, in baƙi ne yana ƙauri to ya ƙone. Sau da yawa rila ce ta mutu, ɗan abin da ke manne a gefensa yana tayar da shi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, sai a ce wa mai kaya kwamfireso ne. Ka cire rilar ka girgiza, in ka ji tana ƙara kamar da tsakuwa a ciki ta fashe. In suka ce tsohon ya ɓace ko sun yar, wannan ma amsa ce.

Barista: Na gode Injiniya da Baban Walid, kun rage mani aiki. Dokar da ta shafi wannan ita ce dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa FCCPC, hukumar kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, a madadin tsohuwar hukumar CPC.

Sashe na 130 shi ne nata. Ya ce wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a gama masa a kan lokaci, in za a samu jinkirin da ba makawa a sanar da shi da wuri. A yi aikin da ingancin da mai hankali zai yi tsammani. Kayan da za a sa wajen aikin su zama marasa aibi. Kuma a maido masa da dukiyarsa aƙalla yadda ya ba da ita. Ku ɗora labarinta a kan huɗun nan, babu wanda shagon ya tsallake: sati 5, ƙarin gas ba neman huji, kwamfireson da ba ya daskarar da ruwa, murfi a lotse. Sashen ya ba ta damar ta nemi su gyara ɓarnar, ko su maido mata da kason da ya dace daga abin da ta biya.

Sai sashe na 145, wanda mutane ba su cika sani ba. In aka yi zargin kaya ko aiki na da aibi, nauyin kawo hujja yana kan wanda ya sayar ko ya yi aikin. Wato ba ita za ta tabbatar wuta ba ta ƙona injin ba. Su da suka ce wuta ce, su nuna.

Alhaji, maganar abubuwan da takarda ta cire, doka ba ta hana a cire ba. Amma sashe na 128 ya ce duk sharaɗin da ke rage alhakin mai shago sai an jawo hankalin mai saye gare shi ɓaro-ɓaro kafin ya amince ya biya. Sharaɗin da aka cusa da ƙananan haruffa a bayan rasit, aka miƙa bayan an karɓi kuɗi, yana da wuyar tsayawa. Na 127 ya hana sharuɗɗan zalunci, na 129 kuma ya hana sharaɗin da zai ƙwace wa mutum haƙƙin da dokar ta ba shi.

Abu ɗaya da za ta riƙe: da shagon ta ƙulla yarjejeniya, ba da yaron da suka turo ba. Ko ɗan kwangila suka ɗauko daga waje, su ne a wuya.

Maman Ihsan: Barista Allah ya saka. Amma akwai abin da ke ɗaure mani kai. Yawancin takardun nan suna cewa na amfanin gida ne kawai, ban da sana'a. Ita kuwa ƙanƙara take sayarwa, kamar yadda mata da yawa ke yi a cikin gidajensu. Ba za su kama nan ba? Na biyu, ga zafi na matsowa, ga azumi, lokacin da sana'ar ke ci kenan. Me zai hana ta kira wani mai gyara ya yi mata kawai, daga baya ta bi su kuɗinta?

Barista: Hajiya tambayar farko tana da nauyi. Dokar ta cire wanda ya sayi kaya don ya riƙa sarrafa wasu kayan sayarwa da su daga cikin masu saye da take karewa, don haka ta fuskar sayen firizar za su iya jayayya. Amma ma'anar ta kuma haɗa da duk wanda aka yi wa aiki, kuma kukanta a kan aikin gyara ne. Sannan a duba takardar. In babu maganar sana'a a ciki, an wuce wurin. In akwai, a tambaya: sun san abin da take yi da ita lokacin da suka karɓi kuɗin? Yaronsu ya shiga gidan ya ga ledojin ƙanƙara, ya yi aiki ƙarƙashin tsarin bai ce uffan ba, suka zo suka ɗauka ƙarƙashin tsarin. Zai yi masu wuya su tuno da sharaɗin sai yanzu.

Ta biyun kuwa, don Allah kada ta yi, ba yanzu ba. Ranar da wani ya sa wuta a fayif ɗin nan hujjarta ta tafi, kuma ta ba su abin da suke nema, su ce hannun waje ne ya ɓata. Wani makaniki na iya zuwa ya duba da ido, ya auna da mita, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, ba tare da ya yanke ko ya kwance komai ba. Gyara a waje sai bayan wa'adin da ta ba su a rubuce ya cika.

Malam (Rafin Daɗi): Bari in ƙara ta fuskar fiƙihu, tunda da yawanmu in rigima ta taso kotun shari'a muke nufa ko wurin dattawa. A mazhabar Malikiyya mai sana'a da ya kafa kansa yana karɓar aikin jama'a, to shi mai lamuni ne ga abin da ya tafi da shi ya ɓoyu daga idon mai shi, ko da lada ya yi aikin ko ba lada. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu. Ba ya kuɓuta sai in an samu shaidar cewa abin ya halaka ba da sakacinsa ba. In a gidan mai kaya ya yi aikin ko a gabansa, hukuncin ya sassauta, sai an ga ganganci ko ƙetare iyaka. To firizar nan sati 5 ta yi a hannunsu ba ta gani. Murfin da tsohon injin duk suna wuyansu.

Ina kuma jan hankalin masu irin wannan tsari. Karɓar kuɗin shekara a kan gyaran da ba a fayyace ba yana kusantar garari, wato ciniki a kan abin da ba a san haƙiƙaninsa ba. A rubuta zuwa nawa ne a shekara, aikin hannu ne kawai ko har da kaya, wane kaya ne a ciki wane ne a waje. Mai saye ya san abin da ya saya.

Alhaji mai shago (Babbar Kasuwa): Allah gafarta Malam, na karɓa. Inda ban yarda ba shi ne a ce mai shago ya biya cinikin da ta rasa. Wa ya san ƙanƙara nawa za ta sayar? In aka buɗe wannan ƙofar babu mai sake yin tsarin nan a garin nan.

Barista: Alhaji ƙofar ba a buɗe take warwar ba. Kotu na duba asarar da ɓangarorin biyu za su iya hangowa tun ranar yarjejeniya, kuma sai an kawo lissafi, ba ƙiyasin baki ba. In tana da littafin ciniki ko shigar kuɗi ta waya da ke nuna abin da take samu kafin lalacewar, kuma sun san sana'a take yi, tana da abin faɗa. In babu, kada ta ɗora ƙarfinta a nan. Ana kuma sa ran ta rage asarar iya ƙoƙarinta, misali ta kai kayanta firizar maƙwabta ko ta yi haya, ta ajiye shaidar abin da ta kashe. Wannan kuɗin hayar ya fi sauƙin karɓowa a kan ribar da ba a gani ba.

Admin: Na isar mata. Ta ce tana da sitabilaiza tun ranar da ta sayi firizar, mai jinkiri. Bangon ciki ba ƙwarzane, ta turo hoto. Takardar tsarin shafi ɗaya ce, an ambaci wuta, ba a ambaci sana'a ba. Ba su ba ta wata takarda ba ranar da suka ɗauka. Ga abin da ke rubuce a jikin firizar: R600a. A jikin kwamfireson da suka sa kuwa: R134a, wani nau'in gas daban, fentinsa ya koɗe, ƙafafunsa da tsatsa.

Injiniya (Ƙofar Ƙaura): Innalillahi. Gyaran gangar Abzinawa kenan. Ta zare ta daga wuta yanzu.

Waɗannan biyun ba a musanya su haka kawai. Injin R600a cikinsa ya fi girma sosai, don gas ɗin ba shi da matsi kamar R134a. In suka zuba R600a a injin R134a, abin da yake turawa ya yi kaɗan, za a ji sanyi-sanyi amma ruwa ba zai daskare ba, wanda shi ne abin da take gani. In kuma R134a suka zuba, kafilarin firizar ba don shi aka auna shi ba, kuma man injinan ba iri ɗaya ba ne. Ragowar tsohon mai a fayif ba ya tafiya da R134a, yana taruwa ya toshe kafilari. Awon ma daban ne, R600a da ake zubawa bai kai rabin nauyin R134a ba, kuma giram kaɗan sama ko ƙasa yana canza aikin. Ga haɗari: R600a yana kama wuta. Yanzu ba wanda ya san abin da ke cikin layin nan, mai gyara na gaba zai iya sa wutar walda bisa kuskure.

Abin da za ta nema a rubuce: kwamfireso sabo na R600a mai ƙarfi daidai da na asali, a wanke layi, a nemo hujin farko a toshe, diraya sabuwa, bakum, gas bisa sikeli. In hujin a cikin bango yake inda kumfa ta rufe fayif, gyaransa ba ya cika ɗorewa, maganar canji ko maido kuɗi ce.

Barista: Hoton nan ya ƙara mata sashe guda. Na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka yi amfani da su ko aka sabunta ya bayyana hakan a fili. Sun sa na hannu, suna neman kuɗi ba su faɗa ba.

Ga yadda za ta bi. Yau ta ɗauki hoton takardar jikin firizar da lambarta, hoton kwamfireson ta kowane gefe, murfin, sitabilaiza, rasit biyun da takardar tsarin. Ta adana duk saƙonnin WhatsApp da tarihin kira, don su za su maye gurbin takardar ɗauka da ba a ba ta ba, su nuna ranar da aka tafi da ita da ranar da aka dawo. Sannan ta rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga mai shagon kansa: ranakun, abin da aka yi, abin da take nema, da buƙatar a maido tsohon injin. Ta ba su kwana 14. Ta kai kwafi biyu su sa hannu a ɗaya, in sun ƙi ta tura hotonta ta WhatsApp a gaban shaida. Ban da zagi, ban da barazana.

In wa'adi ya cika shiru, sashe na 146 ya ba ta zaɓi: ta kai ƙorafi FCCPC, ana shigarwa ta shafinsu na intanet tare da hotunan nan, ko ta nufi kotu kai tsaye. Kafin nan shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwar na iya kashe maganar a zama ɗaya, mai shago ba ya son a kira shi gaban abokan sana'arsa da irin wannan hoton. In an yi sulhu a rubuta a sa hannu.

Baban Ummi: Ni a ganina ta kai su wurin 'yan sanda kawai, ko ta saka sunan shagon a Facebook kowa ya gani. Gobe za su kawo sabuwa.

Barista: Baban Ummi a'a. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Sai fa in gwaji ya nuna tsohon injin lafiyarsa lau aka cire aka sayar, nan maganar ta koma cin amana, tana da hurumin kai ƙara. Facebook kuma, kalma ɗaya da ba za ta iya tabbatarwa ba ta isa su juya mata da ƙarar ɓata suna, mai gaskiya ya koma mai kare kai. Hujjarta ta fi ƙarfin ta yi wasa da ita haka.

Maman Ihsan: To in sun yarda sun sake gyarawa, ta yaya za ta gane an yi na ƙwarai kafin ta sa masu hannu? Kada a sake kwana 9.

Injiniya (Ƙofar Ƙaura): Ta ce a nuna mata sabon injin cikin kwalinsa kafin a ɗaura, ta ɗauki hoton lambarsa, kuma a rubuta a katin aiki abin da aka canza, irin gas da giram nawa. In ta iso gida a bar ta ta zauna wasu awanni kafin a kunna, mai ya koma mazauninsa. A ba ta tazarar kamar taƙi ɗaya daga bango, ba a rana ba. A kunna ba kaya, da ma'aunin sanyi a ciki. Cikin awa 6 ya kamata ta kusanci 18 ƙasa da sifili, kuma a ji injin ya tsaya da kansa ya sake tashi. Gefen firizar ya yi ɗumi, wannan daidai ne, nan zafi ke fita. Raɓar ƙanƙara ta kama bangon ciki ko'ina, ba kusurwa ɗaya ba. In kusurwa ɗaya ce gas bai isa ba ko layi a toshe yake. In kuma ƙanƙara ta biyo fayif har bakin injin, an zuba ya yi yawa.

Kada ta sa hannu a kan cewa ta gamsu sai ta yi awa 24 tana aiki. Kuma ta nemi su rubuta garantin gyaran aƙalla wata 3, don ƙaramin huji ba ya nuna kansa a sati ɗaya.

Barista: A ƙara a wasiƙar cewa duk kwanakin da firizar ta yi ba ta aiki, tun daga zuwan yaron na farko, a ɗora mata su a ƙarshen shekarar tsarin, ko a cire kuɗinsu a maido. Admin, ta turo abin da ta rubuta ta bayan fage in duba kafin ta kai.